FOM ƊIN JAMB KAƊAI BA YA KAI YARO JAMI'A
Kira ga iyaye da ɗalibai na Tambuwal da Kebbe

Jama'ar Tambuwal da Kebbe, dattawa da malamai, iyayenmu mata, manoma da makiyaya, 'yan kasuwa da samari. Wanda ya iya karatu ya ɗaga murya ya karanta wa wanda bai iya ba, domin maganar nan ta kowane gida ce.

Babban zaɓe ya ƙarato, kun kuwa san alamunsa. Motoci masu lasifika za su cika hanyar Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, har su kutsa Kuchi da Girkau da Margai, inda ba a ganin ƙurarsu sai bayan shekara huɗu. Za a kawo atamfa da sabulu da taliya. Cikin 'yan shekarun nan kuma an ƙaro wata sabuwar kyauta, watau fom ɗin JAMB. A tara yara a fili, a ɗauki hoto, a buga a rediyo wai an kai 'ya'yan talakawa jami'a.

Ba mu ce kada ku karɓa ba. Ku karɓa, ai da dukiyarku ce aka saya. Amma ku san farashin abin da aka ba ku. A shekarar 2025 kuɗin rajistar JAMB gaba ɗaya Naira 7,200 ne, in an haɗa da jarrabawar gwaji ya zama Naira 8,700. Ko ɗan akuya bai saya ba. To ashe a kan abin da bai kai ɗan akuya ba za ka sallama ƙuri'arka ta shekara huɗu? Fom izinin shiga ɗakin jarrabawa ne kurum. Abin da yaro zai amsa in ya shiga, tun shekara uku baya ake zuba masa shi a ka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ƘOFOFI UKU NE

Kai uban yaro, ko ba ka taɓa zama a benci ba, ya kamata ka san hanyar nan kamar yadda ka san hanyar gonarka.

Ƙofa ta fari ita ce jarrabawar gama sakandare, ko WAEC, ko NECO, ko NABTEB ta makarantun sana'a, ko NBAIS ta makarantun Arabiyya. Ana son yaro ya sami kiredit biyar a darussan da suka dace da abin da zai karanta, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. In ɗanka ya kawo maka takarda ka ga D7 ko E8, ya ce maka ya ci, ka sani wannan ba kiredit ba ne. Turanci wajibi ne a kan kowa. Lissafi wajibi ne ga mai son kimiyya, ko injiniya, ko tattalin arziki da makamantansu. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharaɗin lissafi ga masu fannin adabi da harsuna, amma mai hankali ba ya sakinsa, domin shi ne mabuɗin yawancin kwasa-kwasai.

Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake yi, Turanci da wasu uku, jimlar maki 400. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, watau kowace tambaya daƙiƙa 40. Tun daga 2015 kuwa babu fensir babu takarda, a kan kwamfuta ake yin ta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Kada a ɗauka wasa ce. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin yara kusan miliyan 2 da suka zauna a duk Nijeriya, fiye da miliyan 1 da rabi ba su kai maki 200 ba. A wannan shekarar an yanke mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150, na foliteknik da kwalejin ilimi 100. Amma wannan dokin ƙofa ne kawai. Mai neman likitanci ko lauya da maki 150, ya shirya komawa gida.

Ƙofa ta uku ita ce tantancewar ita kanta makarantar da yaro ya zaɓa. Wasu sukan yi 'yar jarrabawa, wasu su duba takardu su haɗa maki. Daga nan sai sunan yaro ya fito a tsarin JAMB na intanet da ake kira CAPS, wanda aka soma a 2017. Dole ne yaro ya shiga ya danna cewa ya karɓa cikin lokacin da aka ƙayyade. Duk gurbin da bai bi ta nan ba, ba halattacce ba ne, rigimarsa kuwa tana jiran yaro ranar tafiya hidimar ƙasa.

AN AJIYE MANA KUJERA, WA KE ZAMA A KAI?

Akwai masu ce muku ɗan ƙauye ba ya samun jami'a sai yana da uwa a gindin murhu. Ku tambaye su ko sun san yadda ake rabon gurabe a jami'o'in tarayya. Kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi maki ne, ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take ne. Kashi 20 kuwa an keɓe wa jihohin da aka bari a baya wajen ilimin zamani, Jihar Sakkwato tana cikinsu. Ke nan a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, ɗan Kebbe yana da hanya uku ta shiga.

Makarantun ma ba su yi mana nisa ba. Ga Jami'ar Jihar Sakkwato. Ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Foliteknik ta Umaru Ali Shinkafi. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Gidan Madi. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan kusa a Aliero kan hanyar Jega, ga jami'o'in tarayya a Birnin Kebbi da Gusau. Kakanninmu sun yi tafiyar watanni da ƙafa neman ilimi, mu kuwa kuɗin mota ne tsakaninmu da shi.

Amma fa kujerar da aka keɓe ba ta ɗaukar yaron da ba shi da kiredit biyar. Nan ne gizo ke saƙa. An ba mu rabo a takarda, an hana mu abin ɗauka.

Ba kuwa don ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu ta gaza ba. Tambuwal garin Buhari ɗan Shehu ne, ƙasar malamai tun asali. Marigayi Shehu Shagari, maƙwabcinmu, malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Wannan mazaɓa tamu ta fitar da Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, Aminu Waziri Tambuwal. Ko kana tare da shi a siyasa ko ba ka tare da shi, dubi hanyar da ya biyo: firamare a Tambuwal, kwalejin horon malamai a Dogon Daji, karatun lauya a jami'ar Sakkwato. Duka makarantun gwamnati ne. Abin da makarantar gwamnati ta yi jiya, mene ne zai hana ta yi wa ɗanka yau?

AIKIN DA KE KAN GIDA

Kafin mu tuhumi kowa, bari mu fara da namu. Ga abubuwa bakwai, babu wanda ya fi ƙarfin talaka.

Na ɗaya, zaɓen darussa. Ranar da yaro ya shiga aji huɗu na sakandare, wanda ake kira SS1, ranar ce aka yanke rabin makomarsa. Mai son likitanci ko aikin jinya ko likitan dabbobi, sai da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya, sai da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son lauya, yawancin jami'o'i suna neman Adabin Turanci. Kai uba, sa hularka ka tafi makaranta, ka gai da shugaban makaranta, ka ce, "Malam, yaron ga likita yaka so, darussan da yaka yi sun kai shi?" Tambaya ba ta da kuɗi. Yara da yawa sai sun gama aji shida suke gane sun hau motar da ba ta zuwa garinsu.

Na biyu, suna da ranar haihuwa. Tun daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. Ku yi wa yaro ita tun yana aji huɗu, kada ku bari sai layi ya yi tsawo. Ku kuma tsaya a kan suna ɗaya da rubutu ɗaya. In an rubuta Muhammadu a NIN, a WAEC aka sa Mohammed, a takardar haihuwa aka ƙara sunan gari, kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne. Gyara kuwa kuɗi ne da zirga-zirga. Haka shekaru: a 2025 an tsayar da 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga. Ku nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma tun da wuri, ku adana ta inda gara da ruwa ba su kaiwa.

Na uku, layin waya. Da layin da yaro ya tura lambar NIN ɗinsa zuwa 55019 ko 66019 ake buɗe masa rajista, ta nan kuma saƙonni za su riƙa zuwa. Ya zama layin gida ne wanda ba za a yar ba. Kada a yi da layin mai shago ko na wani aboki. Lambar sirri kuma sirri ce, ko ga wanda ya saya masa fom.

Na huɗu, lokacin karatu. Rajistar JAMB takan faɗo tsakanin Janairu da Maris, jarrabawar kuma wajen Afrilu zuwa Mayu. WAEC na biye, NECO kuwa takan shiga tsakiyar damina, daidai lokacin da gona ke neman hannu. Mun san wannan nauyi ne. Amma kai da ka san ba a cinye iri, ka ɗauki ɗan aji shida kamar iri. Ka ɗauke masa noman shekara ɗaya da tallan albasa, 'yan'uwansa su rufa. Ki rage wa yarinya ɗaukar ruwa da surfe, ke uwa. Awa biyu kullum bayan Isha'i da fitila mai caji, tun daga aji biyar, sun fi kwana bakwai ba barci ana gobe jarrabawa.

Na biyar, manhaja da tambayoyin baya. JAMB tana da manhajar kowane darasi da littafin da ke bayyana abin da kowane kwas ke bukata, kyauta ne a intanet. Akwai kuma littafin labari na Turanci da ake tambaya a kansa, a karanta shi tun daga fari har ƙarshe. Yara biyar su haɗa kuɗi su sayi littattafan tambayoyin baya, su riƙa zama a zaure ɗaya da agogo a gabansu. 'Ya'yanmu da ke jami'a in sun dawo hutu, a ba su allo da alli su biya bashin garinsu.

Na shida, kwamfuta. Yaron da bai taɓa taɓa ta ba sai ranar jarrabawa, hannunsa rawa zai yi, daƙiƙa 40 kuwa ba ta jiran mai rawar hannu. 'Yan maɓallai kaɗan ne ake dannawa, kwana biyu sun isa a koya, amma sai an sami inda za a koya. In da hali a biya kuɗin jarrabawar gwaji, ta fi sabon takalmi amfani. WAEC ma ta fara gwada kwamfuta ga masu zaman kansu tun 2024, ke nan abin gaba yake yi. Ku 'yan mata, a dakata da lalle a yatsu daga lokacin rajista har a gama, domin da zanen yatsa ake tantancewa, hukumar kanta ta yi wannan gargaɗi.

Na bakwai, kada a zuba ido ga ƙofa ɗaya. Kowa likita, kowa lauya, sai a yi shekara uku a gida ana maimaita JAMB. Ƙasar noma da kiwo ce tamu, tana bukatar masanin gona da likitan dabbobi da malamin lissafi da ungozoma. Wanda makinsa bai kai ba, ga NCE, ga difloma, ga IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, duk ana bi ta cikinsu a shiga jami'a a aji biyu. In sakamakon WAEC ko NECO ya fito, a koma cibiyar rajista a ɗora shi a shafin JAMB, domin wanda bai ɗora ba, ba a ko duba sunansa.

HATTARA DA KURAYE

Inda duk talaka ya matsu, kura na kusa. Wani zai ce kawo dubu kaza a ƙara wa ɗanka maki. Wani zai ce yana da mutum a ciki. Wani zai ce kawo shi makarantar da ake rubuta amsa a allo. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, sakamako kuma a soke shi. Ko an tsira, yaron da aka rubuta wa WAEC shi kaɗai zai zauna gaban kwamfutar JAMB, ranar nan asiri zai tonu. Rajista kuwa a cibiyar da hukumar ta amince da ita kaɗai ake yi, da yaron a tsaye da yatsunsa.

IN AN SAMU, DA ME ZA A BIYA?

A fara tanadi tun yaro na aji huɗu. Tunkiya ɗaya da aka ɗaure da sunansa, kafin shekara uku ta zama garke ƙarami. A 2024 kuma an kafa dokar bashin ɗalibai, asusun da ake kira NELFUND. Yana biyan kuɗin makaranta ga ɗaliban makarantun gwamnati, yana ba da ɗan abin kashewa duk wata, babu kuɗin ruwa a ciki, ba a kuma soma biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi ne, a shiga da ido buɗe. Amma ba alfarmar kowa ba ce, yaro da kansa yake nema ta intanet. Duk wanda ya ce sai ta hannunsa, ɗan damfara ne.

'YA'YA MATA

Kai da ba ka son namiji ya duba matarka a asibiti, wa kake jira ya ba da tasa 'yar ta zama likita? A ƙasar nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, fiye da shekara 150 da suka wuce. Karatun mace ba baƙo ba ne a nan. Mai neman aurenta in na kirki ne, a sa masa sharaɗin karatu tun wurin baiko. Mata nawa ne suke zuwa lacca daga ɗakin mazajensu?

TO, GA TAMBAYOYINKU GA MASU NEMAN ƘURI'A

In gida ya yi nasa, saura na hukuma, nan kuwa ƙuri'arku take da aiki. Uba zai iya ɗauke wa ɗansa noma, amma ba zai iya ɗaukar malamin Fiziks aiki ba. Ku san wanda za ku riƙe a kan me. Makarantun sakandare da malamansu da tallafin karatu suna wuyan gwamna da 'yan majalisar jiha. Kasafin kuɗin tarayya da ayyukan mazaɓu da sa ido a kan JAMB suna wuyan ɗan majalisar wakilai da sanata. Duk wanda ya tsaya a ƙofar gidanka, ko daga wace jam'iyya, ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi ruwa, sa'an nan ka tambaye shi:

Malaman Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri nawa ne a sakandaren gundumarmu? In bai sani ba, mene ne ya sani game da mu?

Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya yana aiki, ko kuwa ranar jarrabawa yara ke fara ganin kayan?

Kwamfuta nawa ke kunnuwa a makarantar, da wace wuta? Hukumar JAMB tana neman aƙalla kwamfuta 250 kafin ta amince da cibiya. Cibiya nawa ke cikin mazaɓar Kebbe da Tambuwal, kujera nawa, kuma yara nawa ne har yanzu sai sun kwana a wani gari?

Yaran da kuka saya wa fom a zaɓen da ya wuce, nawa ne suka sami gurbi? Kawo sunaye da makarantu. Wanda ya shuka da gaske ya san abin da ya girba.

Kuɗin WAEC da NECO da tallafin karatu, wane wata za a biya, a kuma manna sunayen a ina kowa ya gani?

Ƙauyukan da 'yan bindiga suka tayar, ina 'ya'yansu ke karatu yanzu, wa ke tsaron hanyar makaranta?

A ƙarshe ka ce masa, "Ranka ya daɗe, naka ɗiyan ina suka karatu?" Ka dubi idonsa lokacin da zai amsa.

Wanda ya amsa da lamba da wata da sunan makaranta, ku rubuta abin da ya faɗa, liman da mai unguwa su zama shaida. Wanda ya amsa da kirari da tafi da buhun taliya, kun san ajinsa. Taliya kwana biyu ce. Yaron da ya rasa malami a aji huɗu kuwa, shekarun nan ba su dawowa, ko da an zo da fom ɗari.

Jama'a, ku adana katin zaɓenku kamar yadda za ku adana takardun yaranku. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, maza da mata, ku jefa wa wanda ya amsa tambayoyin nan, ku tsaya a ƙirga a gabanku. Bayan zaɓe kuma kada ku naɗe tabarma, ku bi shi da takardar alkawarinsa har ofis.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In ka gama karantawa, miƙa wa maƙwabcinka.